Sista Rufe-Taga da Murfin da Aka Wanke

Ranar da Inna ta fara ganin matar da ake kira Sista Rufe-Taga, a kan benci take a barandar sashen masu ciwon ƙoda, riƙe da takarda mai shafi huɗu. An ce ta karanta ta sa hannu, tunda ita ce za ta riƙa taimaka wa 'yarta a gida. Inna aji uku ta yi a makaranta. Tana karatu, amma sai ta bi da yatsa, baki na motsi. Ga benci cike da mutane, ga wata mai jaka a cinya kusa da ita ta gama nata tuni, sai leƙen ta Inna take yi. Can sai ga wata nas gajera kakkaura, dunduniyar takalminta ɗaya ta fi ɗaya cinyewa, ta zo ta zauna a tsakaninsu kamar gajiya ce ta kawo ta.

"Wash! Sannunku Inna. Kai, masu buga takardun nan ba sa tausayin idon mutane, ku dubi rubutu kamar ƙafar tururuwa. Ku kawo in karanta mana, ni ma na manta abin da ke ciki."

Ta karanta shafi huɗun nan tsaf, tana tsayawa tana cewa, "Kun ji, wai kaza suke nufi." Inna ba ta da yawan magana, amma idonta ba ya barci. Ta lura tabarau ɗin nas ɗin na bisa goshinta tun da ta zauna, kuma idonta ba ya bin layi. Ashe ta san takardar kamar sunanta. Inna ta sa hannu ba ta nuna ta gane ba, nas ɗin ta tashi ta wuce. Amma daga ranar ta shiga cikin waɗanda Inna ke ambata bayan sallah, tana bin bayan marigayi mijinta da 'ya'yanta.

Marar lafiyar Auta ce, 'yar Inna ta ƙarshe, malamar aji biyu a firamaren unguwa. Mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi sati uku bai kwana gida ba, shi ya sa da ƙodojin Auta suka gaza Inna ta tattaro 'yan komatsanta ta dawo wurinta. Likita ya ce hanya biyu ce. Ko dai injin wankin ƙoda a babban asibiti mai tafiyar awa biyu, sau uku a sati, kowane zuwa wuni guda. Wannan kuwa sai dai ta yi sallama da aji. Ko kuma a sa mata siririn bututu a ciki, gefen cibiya, ta riƙa wankin a gida: a rataye ledar ruwan magani, ruwan ya shiga ciki ya zauna 'yan awanni ya tsotso dattin da ƙoda ta kasa fitarwa, a zubo shi a wata leda, a sa sabo. Sau huɗu a yini. Auta ko shawara ba ta tsaya yi ba.

"Yarana arba'in da shida," ta ce, "wa zan bar wa su?"

Abin tsoron ɗaya ne. Bututun nan hanya ce buɗaɗɗiya har cikin ciki. In ƙwayar cuta ta bi shi ciki ya kamu, abin ya yi tsanani, sai a cire bututun a koma inji. Tsare wannan hanya shi ne aikin Sista, ita ke koyar da mutane, ita ke bin su gida-gida.

Zuwanta na farko ko sallamarta ba ta gama sauka ba ta ce, "A rufe taga. A kashe fanka." Ta zagaya ɗakin hannu a ƙugu. Ta ce kyanwar gidan ta nemi wani ɗakin. Ta sauke hoton auren Auta daga bango ta ce ƙusar ta yi daidai da rataya leda.

"Ango ya yi haƙuri, dama ba mazauni ba ne."

Ta koya musu wanke hannu har tsakanin yatsu, da ɗaura takunkumi, da yadda ake jera kaya a kan tire. Ta nuna musu ɗan murfin da ake rufe bakin bututu da shi, kowane a cikin takardarsa, da ɗan soso mai jan magani a ciki. Sau ɗaya ake amfani da shi a yar. Ta ba su man shafawa mai kashe ƙwayoyin cuta, a riƙa ɗiga kamar ƙwayar shinkafa a inda bututun ya fito daga fata, kullum bayan wanka. Inna ta yi ƙarfin hali ta tambaya, me ya sa ba za a ba ta na sha ba.

"Na sha sai ya zaga jiki kaf kafin ya iso nan, Inna, ya gaisa da hanta, ya tsaya wajen hanji. Wannan kuwa a bakin ƙofar yake tsaye, can ɓarawon zai shigo."

Sai ta kafa musu doka biyu, ta sa suka maimaita kamar 'yan aji ɗaya: in an fara, ba a buɗe ƙofar ɗaki sai an gama; kuma ba a barin bakin bututu a buɗe. Ta ƙara da cewa duk ruwan da ya fito a ɗora ledar a kan takarda mai rubutu. In ana karanta rubutun ta cikin ruwan, lafiya lau. In ya gurɓace kamar ruwan wankin shinkafa, a kira ta ko tana kan gadon mutuwa.

A wata goma sha huɗu da suka biyo baya Inna ta san tarihin matar nan, ba a zama ɗaya ba, guntu-guntu, galibi a bakin famfo tana wanke hannu. Ita ce 'yar fari a gidansu. Mahaifinta mai gyaran agogo ne, yana da ɗan shago da taga ɗaya, in zai buɗe agogo sai ya ce mata ta rufe tagar kada iska ta ɗauke masa ƙananan ƙusoshi. Shi ya koya mata shimfiɗa farin ƙyalle a jera komai kafin a taɓa komai. Da idonsa ya mutu ta shiga asibiti aikin goge-goge, shekara tara tana jan bokiti, tana karatu a lokacin da 'yan uwanta ke hutun cin abinci, har ta samu shiga makarantar koyon jinya tana da goyo. Mijinta bakanike ne. Ta ce shekara talatin suna faɗa a kan abu ɗaya, baƙin mai a ƙarƙashin farce, har yau ba wanda ya ci nasara. 'Ya'yanta uku, babbar ta ce ko maƙwabta aka yi wa haihuwa sai uwarsu ta tambaya ko an wanke hannu kafin ta yi barka.

Hannayenta sun faffashe don sabulu. Ba ta cin abinci a gidan marar lafiya, amma tana karɓar ruwa ta kurɓa don kada a ji haushi. Ba ta san adadin waɗanda ta koyar ba, ta ce sun fi ƙarfin lissafinta, amma ta san bututun da aka cire a hannunta: goma sha ɗaya. Tana iya faɗin kowanne da unguwarsu da ƙofar gidansu. In ta zo nan sai ta ci gaba da murza yatsu.

A wata na goma sha biyar abin ya faru, ranar Talata da safe. Auta ta saba yi wa kanta komai, Inna sai dai ta miƙa wannan ta karɓi wancan. Ran nan ana gab da gamawa jiri ya ɗebe ta, ta jingina da matashi ta rufe ido.

"Inna, ƙarasa mini. Murfin kawai ya rage."

Inna ta yage takardar murfin. Yatsunta sun ɗan yi sanyi da safiyar, murfin ya suɓuce, ya faɗi kan siminti, ya gangara ya tsaya a gefen tabarma. Shi kaɗai ne a kan tire. Kwalin sauran yana ɗaya ɗakin, bisa kabad. Inna ta tsaya riƙe da bututu. In ta fita ɗauko wani, ta buɗe ƙofa. In ta tsaya, baki na buɗe. Ta dubi Auta, ido a rufe, gumi a goshi. Sai idonta ya faɗa kan butarta a bayan ƙofa, cike da ruwan da ta tara don sallar walaha.

Shekara sittin da wani abu Inna ta san abu ɗaya ba ta taɓa shakka ba: abin da ya faɗi ƙasa, in aka wanke shi da ruwa mai tsarki, ya tsarkaka. Da ruwan nan take tsayawa gaban Ubangijinta. Ta ɗauki murfin ta yi bismillah, ta zuba masa ruwa sau uku, ta yarfe, ta murɗa a bakin bututun. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai. Ruwan da ya zuba a ƙasa ja-ja ne, maganin cikin soson ya bi shi.

Jirin ya wuce, Auta ta tafi makaranta. Inna ta yi shara, ta ɗora tukunya, tana ta faɗa wa kanta ai ruwa ne mai kyau. Da rana Auta ta dawo ta yi wanki na biyu da kanta. Da ta cire murfin sai ta juya shi a hannu.

"Ikon Allah, Inna, dubi na yau, cikinsa fari fat. Ko 'yan kamfanin sun fara rowar magani?"

Inna ta ce, "Uhm." Tana kallo ruwan sabuwar leda ya bi bututun ya shige cikin 'yarta har ya ƙare.

Da ta tayar da azahar ta rasa raka'a ta nawa take. Ta sake, ta sake rasawa. Mutum goma sha ɗayan nan na Sista suka riƙa zuwa mata, ita da ba ta san fuskar ko ɗaya ba. Ta sallame, ba ta ko naɗe sallaya ba ta je ta tsaya a ƙofar ɗakin Auta, wadda ke zaune tana duba littattafan yara.

"Auta. Murfin safe ya faɗi. Na wanke shi na mayar."

"Kin wanke? Da me?"

"Da ruwan buta."

Jan biron ya faɗi daga hannun Auta. "Buta, Inna? Buta! Tun safe? Kina kallona na zuba ruwa a kai ba ki ce komai ba? Wata goma sha biyar ina lallaɓa abin nan kamar ƙwai!"

Auta ba ta taɓa ɗaga mata murya ba sai ran nan, kuma Inna ta ga ba fushi ba ne a idonta, tsoro ne. Auta ta ɗauki waya ta kira Sista. Inna na jin muryar Sista daga inda take tsaye: kada a taɓa komai, a danne bututun da ɗan maƙalin da ke jikinsa, ga ta nan.

Kafin la'asar ta iso, jaka a kafaɗa, tana haki.

"A rufe taga."

Ta wanke hannu, ta ɗaura takunkumi, ta danna cikin Auta nan da can tana tambaya ko da zafi. Babu. Ta auna zafin jiki. Babu. Sannan ta juyo wajen Inna, wadda ta rakuɓe a jikin bango tana jiran abin da ya cancance ta.

"Inna, matso. Ƙarfe nawa ya faɗi?"

"Ban duba agogo ba. Amma rana ba ta kai ƙusar can ba, kuma 'yan makaranta ba su fara wucewa ba."

"Bakwai saura ke nan," in ji Sista. "A ina ya faɗi? Ta baki ko ta baya?"

"Ta baya ya faɗi, ya gangara, ya kife a gefen tabarma. Da na wanke, jan ya fita."

"Kin ga irinta! Da kowa zai ba ni labari haka da na huta." Ta kira likita ta zayyana masa, tana cewa to, to, tana rubutu a bayan hannunta. Ta shimfiɗa farin ƙyallenta, ta jera kaya. Ta canza guntun bututun da ke waje ta sa sabo. Ta zubo ruwan da ke ciki ta ɗibi kaɗan a kwalba don gwaji. Sannan ta zuƙi magani a sirinji, ta goge bakin sabuwar leda, ta tsira allurar a ciki, ta jujjuya ledar kamar mai lallashin jariri, ta rataye a ƙusa.

"Ba a hannu za ki yi mata ba?" in ji Inna a hankali.

"A'a. Ta nan baƙin suka shiga, in sun shiga, ta nan za mu bi su. Maganin zai kwanta a cikin cikin awa shida, ya same su tun ba su shimfiɗa tabarma ba. Da kin bari sai jibi, da wani zancen muke."

Auta ta ce, fuska a ɗaure, "Sista, ki faɗa mata dai. Ruwan buta fa."

Sista ta zauna a bakin gado ta sauke numfashi. "Malama, kar ki cinye mana tsohuwa. Inna, ruwan butarki ya ishe ki alwala, ban isa in ce a'a ba. Amma tsarki daban, abin da muke nema a nan daban. Akwai halittun da ido ba ya gani, cikin ruwan da ya fi kowane kyau suke iyo. A fata ba su da ta cewa. A cikin ciki kuwa ba mai tare su." Ta dubi tiren. "Kuma laifin rabi nawa ne. Na ce kar a buɗe ƙofa, na ce kar a bar baki a buɗe. Ban taɓa cewa ga abin da za a yi in murfi ya faɗi ba. Shekara nawa ina koyarwa! Daga yau murfi biyu a kan tire, ko uku. In duk sun faɗi, a danne bututu a kira ni."

Da za ta tafi ta ce kwana biyar za a sa ido. Ta karɓi ruwa ta kurɓa, ta leƙa bayan ƙofa ta ce wa butar, "Ke kuma, a fita da ke."

Kwana biyar ɗin nan Inna ce mai duba leda. Ba wanda ya sa ta, ba kuma wanda ya hana ta. Auta ba ta cika yi mata magana ba, sai dai ta zubo ruwa ta kau da kai. Takardar da ta zo hannu wani shafi ne da ya fita daga littafin wata ɗalibar Auta, an ce su rubuta jimla a kan malamarsu. Inna ta ɗora leda mai ɗumi a kai, ta durƙusa, ta bi da yatsa ta saman ledar. Ruwan ɗorawa-ɗorawa ne, garau, haruffan sun ƙara girma ta cikinsa.

"Ma-la-mar-mu ta-na da kir-ki," ta karanta, "am-ma ta-na da fa-ɗa."

Sau huɗu a yini take karanta jimlar nan da ƙarfi, don ita ce shaidar. Ran farko Auta ta yi kamar ba ta ji ba. Rana ta biyu ta ce a nemi wata takardar mana. Rana ta uku Inna na kaiwa "amma" sai dariya ta ƙwace wa Auta ta cikin takunkumi, ta riƙe ciki tana cewa, "Inna, don Allah bari, za ki sa bututun ya fita." Da aka rufe murfi aka buɗe ƙofa, ta kamo hannun uwarta ta riƙe, ta ce, "Ki yafe mini, na ɗaga miki murya." Inna ta ce, "Yarinyar nan dai gaskiya ta rubuta." Suka sake fashewa.

Rana ta biyar da hantsi Sista ta zo da kanta, ko da yake waya ma ta isa. Tun daga ƙofar gida take ɗaga takarda.

"Ba abin da ya tsiro! Kwalbar nan sun ajiye ta kwana biyar, ko ɗaya. Malama, bututunki na nan, ajinki na nan, je ki ci gaba da yi wa 'ya'yan mutane faɗa."

Inna ta zauna a kan turmi a tsakar gida tana alhamdulillahi, ba ta san sau nawa ba. Sai a lokacin ta ji yunwa, ta tuna rabonta da cin abin kirki tun Talata. Ta ga rana ta yi kyau a kan igiyar shanya, ta ga kyanwa na miƙa a bakin ɗakin da aka hana ta shiga. Ran nan ma Sista ba ta ci abinci ba, amma ta shanye kofin ruwan duka.

Inna ta raka ta zaure. Sista ta sa takalmi ɗaya, mai cinyayyar dunduniyar, ta tsaya da ɗayan a hannu.

"Inna, goma sha ɗayan nan da nake faɗa miki. Na zauna na yi tunani, takwas a cikinsu wani abu ya faɗi, ko an taɓa abin da ba a taɓawa, wani a gidan ya sani ya yi shiru. Ba mugunta ba ce. Kunya ce, da tsoron faɗana. Sai ruwa ya gurɓace sannan in ji labari. Ke kin yi shirun wuni ɗaya bai cika ba kika kasa."

"Salla ce ta ƙi yiwuwa," in ji Inna.

"To. Ranar Laraba ina da sababbi, gida biyar, a barandar nan da muka fara haɗuwa. Akwai uwaye, akwai wani dattijo da zai riƙa yi wa matarsa. In na ce musu in kun yi kuskure ku faɗa, sai su ce to Sista, su tafi da kunyarsu. Ni farar riga suke gani. Ke kuwa in suka gan ki da carbinki, kika ce ni ce na wanke murfi da ruwan alwala, na faɗa, ga 'yata can tana koyarwa, za su ji."

Inna ta sunkuyar da kai. Ita da ko a taron mata sai an neme ta a bayan ƙofa.

Sista ta zura ɗaya takalmin, ta gyara jaka a kafaɗa.

"Ba takarda za ki karanta ba, bakinki kawai nake so, yadda kika faɗa mini, har da rana da ƙusa. Ki taimake ni, Inna, ki zo. Kuma don Allah ki taho da butar."